Tsagar da Na Shafe da Fenti

Kafin in fara, alfarma ɗaya nake roƙo. Masu zagina a ƙasan rubutu, ku ɗan riƙe zagin nan sai kun kai ƙarshe, don wallahi wanda kuka tanada bai kai wanda na cancanta ba. Sau uku ina rubuta wannan ina gogewa. Yau dai na ce sai na tura.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce ƙarama a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. A shagon labule nake aiki, ina auna taga, ina yanka yadi, ina yi wa masu kuɗi murmushi. A nan na haɗu da Injiniya. Ya zo sayen labulen ofis, ya tsaya yana gyara min yadda nake riƙe tef ɗin awo, na ce masa in ya fi ni iyawa ya zagayo ya karɓi aikin. Washegari ya dawo wai launin bai yi masa ba. Bayan kwana biyu ya sake dawowa wai tsawon ne bai yi ba. Tun daga nan ya laƙaba min Mai Labule, ni kuma zuciyata ta tafi ba ta yi shawara da ni ba.

Sana'arsa duba tsofaffin gidaje. In mutum zai sayi gida, shi ake turawa ya shiga lungu da saƙo, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi, ya rubuta abin da ya gani. Ku riƙe wannan.

Ranar da ya fara cewa zai kai ni gida, ana yayyafi. Ina zaune a gaban motarsa mai ƙamshi, sanye da doguwar rigata ruwan toka da na kwana ina gogewa, ya ce, "Ina muka nufa?" Na buɗe baki zan faɗi layinmu, sai na ji na faɗi layin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Babanmu ce, Allah ya ji ƙansa. Gidanta mai baƙin get ne, da furanni a bakin katanga, da fitilu biyu masu kunna kansu. Injiniya ya tsaya ya ƙare wa gidan kallo irin na masu sana'a, ya ce, "Wanda ya gina wannan ya san abin da yake yi. Nan kika taso?"

Na ce, "Eh."

Kalma ɗaya ce fa, jama'a. Ban zauna na shirya ta ba. Amma daga ranar, duk sanda ya sauke ni sai in shiga in gaida Gwaggo, in jira ƙarar motarsa ta ɓace, in cire takalmi mai tsini in zura silifa daga jaka, in taka minti ashirin da biyar zuwa gidanmu. Ranar da ya shigo ya durƙusa ya ce wa Gwaggo "Mama, ina wuni," ta amsa da bakinta duka, har da sa masa albarka. Da ya fita na ce, "Gwaggo, ya ɗauka fa ke kika haife ni." Ta ce, "To ni na ce masa ya ɗauka? Ke dai bari ya kamu tukuna. Namiji da ido yake fara so." Na san ba daidai ba ne. Na yi shiru saboda shirun ya yi min daɗi. Wata bakwai muka yi a haka.

Gidanmu kuwa, Baba ne ya gina shi ɗaki ɗaya bayan ɗaya, duk sanda hali ya yi. Ƙofar waje sai ka tallafe ta da gwiwa kafin ta rufu. Silin ɗin falo ya yi ciki. Muna da bokiti uku na damina, kowanne ya san wurin tsayuwarsa. Famfon tsakar gida da robar taya aka ɗaure masa wuya. A ɗakina kuma akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta haura har rufi, tun ina ƙarama nake kwanciya ina kallonta. A cikin wannan gidan Umma take share tsakar gida sau biyu a rana, kuma duk mako sai ta tambaye ni, "Wai yaushe mutumin naki zai zo ya gaishe ni?" In ce aiki ya yi masa yawa. Ta ce, "Allah ya yi masa albarka a aikin."

Yaya ne ya kawo maganar sayarwa. Ya ce gidan ba zai ɗauki wata daminar ba, gyaransa ya fi ƙarfinmu, ga shi ya samu wuri kusa da aikinsa inda Umma za ta huta da ɗaukar bokiti. Ya zo da dillali, wani gajeren mutum mai yawan share gumi. Dillali ya zaga, ya dawo ya zauna a bakin kujera.

"Mama, shawara ɗaya ce. Kada a taɓa komai. A sayar da shi yadda yake. Akwai masu sayen irin wannan, su gyara da kansu. Sharaɗin kawai, a rubuta abin da aka sani na lalacewa, ki sa hannu, mai saye ya sa hannu. Ba gyara, ba ɓoyo."

Umma ta gyara zama. "In dai wannan ne, ɗauko biro," ta ce wa Yaya.

Ta fara lissafowa. Silin. Famfo. Ƙofa. Wayar wutar kicin da ke tartsatsi in an haɗa dutsen guga da firji. Tsagar ɗakin Auta. Ramin ɓera a kusurwar sito. Da ta kai na goma dillali ya ce, "Mama, ai ya isa haka, a bar wa mai saye abin da zai gano da kansa." Ta ce, "In ya gano da kansa, ni zai tsine wa ko kai?" Ta ci gaba har sha huɗu. Ta karɓi biro ta sa hannu a hankali, harshenta a gefen baki. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, ji nake kamar an karanto aibina a bainar jama'a.

Sai masu kallo suka fara zuwa. Ba ku san wulaƙanci ba sai baƙo ya tsaya a kan gadonka yana kallon rufi yana girgiza kai. Wata mata ta zo da mijinta, leshi har ƙasa, zobe a kowane yatsa. Ta shigo ɗakina ta tattare mayafinta kada ya taɓa bango, ta kalli tsagar nan, ta juyo ta tambaye ni da gaskiyarta, ba da gatse ba, "Yanzu akwai mai kwana a nan?"

Na ce, "A'a, kaya muke ajiyewa." Ga matashina nan a kan gado, ga cajar wayata a bango.

Maganar matar nan ta hana ni sukuni. Ranar Talata Yaya ya ɗauki Umma su je ganin sabon wurin. Suna fita na je shagon kayan gini na sayo farin siminti, ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi. Na hau kan tebur na cusa simintin nan a tsagar da bayan cokali, na jira ya sha iska, na bi shi da fenti. Launin bai zo ɗaya da na bangon ba, sai na ɗauko wani dogon labule da aka fasa karɓa a shago, na rataya shi daga sama har ƙasa. Na fesa turare. Na tsaya na kalli ɗakina, karo na farko ya yi kama da ɗakin mutane. Har hoto na ɗauka. Ban gaya wa kowa ba, kuma ko sau ɗaya ban tuna da takardar da Umma ta sa wa hannu ba.

Ranar Alhamis dillali ya kira ya ce an samu mai saye na gaske, gobe da safe zai turo mutuminsa ya duba. Na ɗauki hutu a shago don in taya Umma haɗa kaya. Da safen saƙon Injiniya ya shigo kamar kullum:

"Mai Labule, kin tashi lafiya? Yau wani tsohon gida zan duba. Ki yi min addu'a kada rufi ya faɗo min a ka."

Na tura masa fuskar dariya. "Allah ya tsare min kai."

Irin wannan saƙon ya fi hamsin a wayata. Tsofaffin gidaje sun ƙare ne da zan kawo namu a rai?

Ina tsakar gida ina ɗaure kwali, sanye da tsohuwar rigar Baba da wani koɗaɗɗen zani, kaina ɗaure da ɗankwalin da muke goge madubi da shi, na ji ana kokawa da ƙofar waje. Muryar dillali ta ce, "Sai ka sa gwiwa." Sai wata murya ta yi dariya ta yi sallama.

Ko a cikin barci na san wannan sallamar. Ban san lokacin da na saki kwalin na faɗa sito na jawo ƙofa ba. Na tsuguna tsakanin tsohon keken ɗinki da tarin tabarmi, na kashe ƙarar waya, na manna ido a ramin da ke jikin katakon ƙofar. Daga nan ana ganin tsakar gida, da cikin falo, da bakin ɗakina.

Shi ne. Farar riga mai gajeren hannu, tocila a aljihu, takardar Umma a maƙale jikin allo. Ya cire takalmi, Umma ta ce ya bar shi ƙasa ce ko'ina, ya ce a'a. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Wata bakwai tana jiran wannan gaisuwar, ga ta ta samu ba ta san ta samu ba.

"Mama, ke kika faɗi abin da ke takardar nan?"

"Ni ce. Akwai wanda na manta?"

"Shekara shida ina aikin nan, ban taɓa ganin mai gida ya rubuta ramin ɓera ba."

Ta yi dariya. Suka fara zagayawa, yana karantowa tana nunawa. Wajen silin ta ɗauki tsintsiya mai dogon hannu ta nuna masa inda ruwa ke bi, don kafaɗarta ta dama ta daɗe ba ta ɗaguwa. Yana ƙwanƙwasa bango da bayan makulli, yana kasa kunne, yana rubutu. Ta ba shi labarin yadda Baba ya ɗora rufin falo shi da abokansa biyu. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Ina cikin sito gumi na bin bayana, ina jin yadda suka dace da juna, ina jin kamar in mutu.

"Na biyar," ya ce. "Tsagar ɗakin Auta."

Suka shiga. Na ji ƙarar zoben labule a jikin ƙarfe. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, makulli a bango.

"Mama, takarda ta ce akwai tsaga. Bango ya ce babu."

Suka fito bakin ƙofa inda haske yake, yana murza farin gari tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta canja. Na san wannan fuskar, ita yake yi in yana ba ni labarin masu gidan da suka so su rufe shi.

"Wannan fentin bai yi mako ba," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Mama, bari in faɗa miki abin da ya sa ya dame ni. Tsaga ba ta hana sayen gida. In na gan ta a buɗe, ina duba bakinta, in ga ƙurar da ke ciki, in san ko tsohuwa ce da ta tsaya ko har yanzu tana tafiya. In ta tsaya, aikin yini ɗaya ne. Amma in aka rufe ta, ba ni da abin da zan gani. Dole in rubuta cewa an ɓoye, kuma dole in ɗauka mafi muni ce. Wanda ya turo ni in ya karanta haka, sauran sha ukun ma ba zai yarda da su ba."

Dillali ya ɗora hannu a ka. "Haba Mama! Ba na ce kada a taɓa komai ba? Da bakina na faɗa, a gaban ɗanki!"

"Wa ya yi aikin?" Injiniya ya tambaya.

Umma ta kalli labulen. Ta san yadin, ta san daga shagon da ya fito. Na ga idonta ya zo kan ƙofar sito ya wuce. Matar da ko canjin da ya yi yawa aka ba ta a kanti sai ta koma ta mayar, ta sunkuyar da kai a gaban yaron da ta haifi kamarsa.

"Ni na yi," ta ce. "Da hannuna. Tsufa ne, ɗana. A yi haƙuri."

A nan ya kamata in fito. Na sani, ba sai kun rubuta min ba. Hannuna yana kan sakata. Amma na kalli rigar da ke jikina, na kalli ƙafata da ta yi futu-futu, na kasa.

Injiniya ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya ɗauki hoton bangon. Daga nan bai ƙara yin dariya ba, ita ma ba ta ƙara ba shi labarin Baba ba. Suka gama kicin, suka gama banɗaki. Sai na ga ƙafafunsa sun nufo ni.

"Saura sito."

Ya ja ƙofar, haske ya faɗo a kaina.

Mun fi minti ɗaya muna kallon juna, ko kuma ni ce na ga haka. Ya kalli ɗankwalin, ya kalli rigar Baba, ya dawo kan fuskata.

"Mai Labule?" Har ya fara murmushi don mamaki. "Me kike yi a nan? Mama ta san kin zo nan?"

Umma ta matso. "Wace Mama?"

"Mahaifiyarta," ya ce. "Ta gida mai baƙin get. Ai ni ne..." Ya ɗan sosa ƙeya, kunya ta kama shi. "Ni ne nake zuwa wajenta."

Ban taɓa ganin fuska ta fahimci abu a hankali kamar yadda ta Umma ta yi ba. Ta kalle shi tun daga sama har ƙasa, mutumin da aiki ya yi wa yawa. Sannan ta kalle ni. Ba harara, ba hawaye. Ta gyara bakin mayafinta.

"Ayyo," ta ce. "Ashe kai ne. Ai 'yar ƙanwar maigidana ce. Ta zo taya ni haɗa kaya, yarinyar kirki."

Ya juyo gare ni. "Haka ne? Ba ki taɓa ce min kina da 'yan uwa a nan ba."

Ƙofa ce Umma ta buɗe min, kuma ta bar min zaɓi in shiga ko in ƙi. Abin da zan ce bai fi kalma huɗu ba: wannan ita ce mahaifiyata. Suna bakina, ina jin nauyinsu a kan harshe. Umma tana kallon ƙasa. Dillali yana share gumi.

Na ce, "Eh. Haka ne."

Ya gyaɗa kai. Ya haska tocila a kusurwoyin siton, ya sami ramin ɓeran a inda takarda ta ce, ya yi alama. Ya ce zai kai ni gida in na gama, na ce akwai sauran aiki. Ya yi wa Umma sallama a tsaye, bai durƙusa ba. Na ji dillali yana yi masa magiya har waje.

Umma ta shiga kicin. Na koma ɗakina na zauna a bakin gado, labulen a zuge, ga tabon makullinsa uku a jikin fentina. Na yi kuka irin wanda ba ya fitar da sauti. Ina so in je in faɗi a ƙafarta, amma na kasa.

Wajen azahar waya ta yi haske.

"Ban tura rahoton ba tukuna. Wani abu ya tsaya min. Tsohuwar nan ta ce da hannunta ta yi, amma da tsintsiya ta nuna min silin, hannunta ba ya wuce kafaɗa. Fentin nan ya kai har rufi. Ba ita ta yi ba, wani take karewa."

Kafin in gama karantawa wani ya shigo.

"Kin san gidan. Ba na so in rubuta sunan baiwar Allah a kan laifin da ba nata ba. Ƙarfe biyar zan tura. Ke ba kya min ƙarya, Mai Labule. Wa ya yi?"

Na miƙe da wayar a hannu, na ce yanzu kam sai Umma, ko me za ta yi min ta yi. Na fito ina share fuska da hannun rigar Baba.

Na same ta a falo, ƙarƙashin silin ɗin nan mai ciki. Ta kwance kwalin da muka ɗaure da safe, ta ciro farantan gilashi masu bakin zinariya, waɗanda tun tasowata ba a taɓa zuba wa ɗan gida abinci a cikinsu ba. Ta shimfiɗa sabuwar ledar cin abinci. Ta jera faranti ɗaya, cokali ɗaya, kofin ruwa da murfinsa.

"Umma," na ce. "Umma, don Allah..."

Ta janye hannunta kafin in kama. Ta nuna min wurin zama da ladabi, yadda take yi wa mutanen da take jin nauyinsu.

"Bismillah, zauna," ta ce. "Ki ci kafin ki koma gidanku. Kada Mamanki ta ce mun bar ki da yunwa."